Tarihin jirgin America: ya yi shekara 30 yana jigilar mutane, yau yana kwance ƙarƙashin tabkin Superior

 Yau za mu kai ku can arewacin ƙasar Amurka, dab da iyakarta da Kanada, inda wani tsohon jirgin ruwa na fasinja yake kwance cikin ruwa tun shekarar 1928. Sunan jirgin America. Ba sai mutum ya iya ruwa ba kafin ya gan shi, domin goshinsa bai kai metir guda ba a ƙarƙashin ruwa, har jiragen da ke kai baƙi wurin sukan rage gudu a kansa don fasinja su leƙa. Bayansa kuwa ya gangara har zurfin metir 24. Wannan kwanciya da ya yi, rabi a sama rabi a ƙasa, ita ta sa masu nutso suka fi zuwa wurinsa a kan duk sauran jiragen da suka nutse a yankin.

Tun farko mu yi gyara ɗaya. Akwai wani babban jirgin teku mai irin wannan suna, wanda ya tarwatse a gaɓar tsibiran Kanari a 1994. Ba shi muke nufi ba. Namu ƙarami ne, ya girme shi da shekaru sama da arba'in, kuma aikinsa a tabki ya yi shi.

Tabkin da tsibirin

In mun ce tabki, kada tunaninku ya tafi ga irin na Madarunfa. Tabkin Superior ya fi kowane tabkin ruwan daɗi faɗi a duniya. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 82,000, wato wajen ninki biyu na jahar Maradi baki ɗaya. Tsawonsa ya haura kilomita 560, kuma inda ya fi zurfi ya kai metir 406. Wanda ya tsaya a wannan gaɓa ba ya hango waccan. Yana da igiyar ruwa irin ta teku, yana da hazo mai kauri, ruwansa kuma sanyi ƙarara ko da a lokacin zafi. Amurka da Kanada ne suka raba shi tsakaninsu.

A ɓangaren arewa maso yamma na tabkin akwai wani dogon tsibiri, tsawonsa wajen kilomita 72, ana ce da shi Isle Royale. Masu jin Faransanci sun riga sun gane ma'anar: tsibirin sarki. Faransawa ne suka fara zuwa yankin cikin Turawa, su suka bar waɗannan sunaye, kamar Grand Marais, har ma birnin Duluth sunan wani Bafaranshe ne mai yawon bincike. Asalin mutanen wurin, ƙabilar Ojibwe, suna kiran tsibirin Minong. A takarda yana cikin jahar Michigan, amma ya fi kusa da gaɓar Kanada da ta jahar Minnesota. Duwatsu ne suka kewaye shi, wasu a fili, wasu ɓoye ƙarƙashin ruwa. Manyan jirage goma ne aka sani suna kwance a kewayensa, America na ɗaya daga cikinsu.

Yadda aka ƙera shi

An ƙera America a 1898, a kamfanin Detroit Dry Dock da ke jahar Michigan. Gangar jikinsa ta ƙarfe ce, ɗakunan sama kuma na katako. Tsawonsa a lokacin metir 50 ne, faɗinsa ya ɗara metir 9.

Da tururi yake tafiya. Ga yadda abin yake a taƙaice: ana hura wutar kwal, wato gawayin ƙasa, ƙarƙashin manyan tukwanen ƙarfe guda biyu cike da ruwa. In ruwan ya tafasa, tururin ba ya samun mafita sai ta bututun da ke kai shi cikin inji. Injin America mai hawa uku ne, tururi ɗaya ke yin aiki sau uku, daga ƙaramin daki zuwa matsakaici zuwa babba, kafin ƙarfinsa ya ƙare. Wannan turi shi ke juya farfelar da ke bayan jirgin. Saboda haka akwai ma'aikatan da ba su da wani aiki dare da rana sai zuba kwal da shebur cikin wuta. Ku riƙe wannan bayani na tukwane da wuta, za mu dawo kansa a daren da jirgin ya nutse.

Ya fara aiki a wani tabkin daban, tabkin Michigan, yana ɗaukar fasinja tsakanin Shikago da garin Michigan City. A 1902 kamfanin Booth, masu fataucin kifi, suka saye shi suka maido shi tabkin Superior. A 1911 aka ƙara masa tsawo da metir biyar da rabi, ya koma wajen metir 56, aka samu ƙarin ɗakunan kwana da wurin kaya.

Motar kasuwar mutanen gaɓa

Daga Duluth zuwa garuruwan Port Arthur da Fort William na Kanada, waɗanda aka haɗe a 1970 suka zama Thunder Bay, tafiyar kilomita 300 ce, ta ɗara Maradi zuwa Damagaram. A farkon ƙarni na 20 babu hanyar mota ta kirki a wannan gaɓa. Daji ne da duwatsu, sai ƙananan ƙauyukan masunta jefi-jefi a bakin ruwa. Yawancin masuntan baƙin haure ne daga ƙasashen Norwe da Suwidin, waɗanda suka baro gida neman abinci, suka zo da sana'ar da suka gada.

Duk wanda ya zauna ƙauyen da mota ba ta shiga sai ranar kasuwa, zai gane matsayin wannan jirgi a wurinsu. Sau uku a sati yake zagaye: ya tashi daga Duluth, ya bi gaɓa ƙauye-ƙauye, ya shiga Kanada, ya kewaya Isle Royale, ya komo. Yana kawo gari da sukari da gishiri da kalanzir da kayan su. Yana kawo wasiƙu daga dangin da aka baro a Turai. Yana ɗaukar maras lafiya zuwa likita a birni. In zai koma kuma, ya kwashe kifin da aka kama, ɗanye cikin ƙanƙara ko mai gishiri cikin ganguna, ya kai kasuwa.

Wurare da yawa ba su da matsayar jirgi. Sai masunci ya ji busar jirgin daga nesa, ya tura kwale-kwalensa cike da akwatunan kifi ya tarbe shi a tsakiyar ruwa. A ɗaga kifin sama, a miƙo masa saƙonsa, jirgi ya wuce. Ko da tsakar dare ne, ko ana hazo, haka ake yi. A zamanin babu na'urar da ke nuna wa matuƙi inda yake. Kamfas ne da agogo da sanin wuri. Ana ba da labarin cewa in hazo ya rufe, tsofaffin matuƙan wannan hanya sukan busa ƙahon jirgi su saurari amsa-kuwwa daga duwatsu, da haka suke gane nisansu da gaɓa.

In hunturu ya shigo, ƙanƙara kan rufe tashoshi, jirgin ya kwanta har bazararsu. Yawancin masuntan Isle Royale sukan bar tsibirin a ƙarshen kaka, in ruwa ya buɗe su komo cikin America da matansu da ƴaƴansu da kayan ɗaki. Don haka zuwan jirgin na farko a kowace shekara babban abin murna ne a gaɓar. Ban da masunta, akwai masu kuɗi da ke zuwa shan iska a masaukan baƙi na tsibirin lokacin zafi. Su ne ke kama ɗakunan kwana na sama.

Aiki a irin wannan wuri ba ya rasa tsautsayi. A 1904 wani jirgin dakon kaya mai suna Edwin F. Holmes ya goge shi ya farfasa wasu ɗakunan fasinja. A 1914 ya hau dutse kusa da garin Two Harbors. Duk an gyara shi ya koma bakin aiki.

Hanyar mota ta rage masa ciniki

A tsakiyar shekarun 1920 aka gama hanyar mota da ta bi gaɓar daga Duluth har iyakar Kanada. Nan take lissafi ya sauya. Kamyo yana zuwa har ƙofar gidan masunci kowace rana, ba ya jiran hazo ya yaye, ba ya tsayawa don ƙanƙara ta rufe tasha. Kifi ya koma hanya, fasinja ma suka koma hanya. Wurin da ya rage wa America ba mai yi masa takara shi ne Isle Royale, tunda mota ba ta tafiya kan ruwa. Ke nan tun kafin ya nutse, cinikinsa ya riga ya ja baya. Wannan zai taimaka mana mu gane dalilin da ya sa masu shi ba su damu da fiddo shi ba daga baya.

Daren 7 ga Yuni, 1928

Ranar 6 ga Yuni jirgin ya tashi daga Duluth kamar kullum. Ya bi gaɓa har Grand Marais, daga nan ya tsallaka zuwa Isle Royale don ya sauke wasu fasinja a Washington Harbor, wata lungun ruwa a kudu maso yammacin tsibirin. Ya isa cikin dare, ya sauke su, wajen ƙarfe uku na asuba ya juya zai fita ya nufi Kanada.

Kyaftin ɗin jirgin, Edward Smith, ya yi shekaru da dama a kan wannan hanya, ya san duwatsunta ɗaya bayan ɗaya. Da suka bar matsaya, sai ya miƙa jagorancin jirgin ga mataimakinsa John Wick, wanda sabon zuwa ne a jirgin, ya shiga ɗakinsa. Wani ma'aikaci mai suna Fred Nelson ne ke riƙe da sitiyari. Ba a yi wasu mintoci ba jirgin ya gogi dutsen da ke ɓoye ƙarƙashin ruwa. Ƙarfen ya yage a gefen dama, ƙarƙashin ɗakin inji, ruwa ya fara kwarara ciki.

Kyaftin Smith ya fito da gudu ya karɓi jirgin. Ya ga famfunan kwashe ruwa ba za su iya ba, sai ya yanke shawarar da ta ceci kowa. Maimakon ya tsaya inda ruwa ke da zurfi, ya sa aka juya jirgin zuwa wata ƴar mashiga da ake kira North Gap, da niyyar ya soka goshinsa a tudu. A lokaci guda aka bi ɗaki-ɗaki ana tada fasinja daga barci. A ƙasa kuma ma'aikatan inji suka tsaya bakin aikinsu ruwa na hawa, suka saki tururin tukwanen. Dalili kuwa, in ruwan sanyi ya taɓa tukunyar da ta yi zafi tana cike da tururi, tana iya fashewa ta tarwatsa jirgin da mutanen ciki.

Saura ƴan metoci kaɗan su kai gaɓa jirgin ya tsaya. Goshin jirgin ya dafe kan dutse, bayansa ya fara nutsewa sannu a hankali. Wannan jinkiri ya ba su lokacin sauke kwale-kwalen ceto cikin tsari. Fasinja 16 da ma'aikata 31 duk suka fita da ransu, kyaftin ne a ƙarshe. Rai ɗaya aka rasa, wani kare da aka ɗaure a bayan jirgin. Cikin kayan da suka tafi da shi akwai ƴaƴan itace da za a kai Kanada, waɗanda ruwa ya yi ta turowa gaɓa bayan haka, da kuma wata ƴar motar ɗaukar kaya ƙirar Ford Model T.

Hukumar da ta binciki lamarin ta ɗora laifin kan mataimakin kyaftin, ta ce ya yi sakaci wajen tuƙi. Amma duk wanda ya taɓa hawa motar dare ya san irin wannan lokaci, lokacin da direba ya gaji ya miƙa wa yaronsa mota a hanyar da yaron bai gama sani ba. Jirgin da ya yi shekara 26 yana ratsa hazo da guguwar wannan tabki, a bakin tashar da ya saba shiga ya gamu da ajalinsa.

Ƙoƙarin fiddo shi

Da farko goshin jirgin da ɗakin matuƙi suna waje, ana ganinsu sarai. Masu aikin ceto na ganin fiddo shi ba zai yi wuya ba. Sai dai kamfanin Booth bai ga ribar kashe kuɗi a kan tsohon jirgin da mota ta ƙwace wa ciniki ba. A 1929 wani mai aikin fiddo jirage a Duluth, Cornelius Flynn, ya sayi haƙƙinsa. A shekarar ce tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, kuɗin aiki ya gagara. Kafin a yi wani abu, ƙanƙarar hunturu ta kankare ɗakunan katakon da ke sama, jirgin ya ƙara zamewa, ya shige ruwa gaba ɗaya.

Yunƙuri mafi girma shi ne na 1965. Wani ɗan kasuwar Duluth mai suna James Marshall ya kafa kamfani da niyyar ya toshe ɓarakar jirgin, ya taso shi, ya ja shi zuwa Duluth ya zama wurin kallo. Masu nutso suka yi makonni suna aiki kafin sanyi ya kore su. Da aka komo a shekarar da ta biyo, sai aka tarar an fasa wani abu mai fashewa a jikin jirgin ya ɓata aikin. Daga nan maganar fiddo shi ta mutu.

A tsakanin waɗannan shekaru kuma matsayin wurin ya sauya. A 1940 gwamnatin Amurka ta mai da Isle Royale gandun ƙasa mai kariya, irin matsayin da gandun dajin W yake da shi a nan Nijar. Kariyar ta haɗa har da ruwan da ke kewaye da tsibirin da abin da ke kwance cikinsa.

Me ya sa bai ruɓe ba

Mai saurare zai iya tambaya, ta yaya katako da ƙarfe za su kusan shekara ɗari cikin ruwa ba su narke ba? Dalilai uku ne. Na farko, ruwan daɗi ne, babu gishirin da ke cin ƙarfe da sauri kamar a teku. Na biyu, a teku akwai wata halitta mai kama da tsutsa da ke huda katako ta cinye shi kamar yadda gara ke yi, ita kuwa ba ta rayuwa a ruwan daɗi. Na uku shi ne sanyi. A ƙasan tabkin Superior ruwan yana zama wajen digiri 4 a ma'aunin zafi, kusan sanyin cikin firigo. Ƙwayoyin da ke ruɓar da abu ba su da kuzari a irin wannan sanyi.

Akwai kuma wata ƴar dodon koɗi da ta shigo manyan tabkunan yankin a ƙarshen shekarun 1980 cikin ruwan da jiragen teku ke zubarwa. A tabkunan kudu ta lulluɓe jiragen da suka nutse har ba a ganin jikinsu. A Superior ba ta yaɗu haka ba, saboda sanyi da ƙarancin sinadarin da take gina ɓawonta da shi. Shi ya sa hukumar gandun ke tilasta wa masu nutso su wanke kayansu tas kafin su shiga, don kada su kawo ta daga wani tabki.

Abin da mai nutso ke gani

A 1943 Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Émile Gagnan, suka ƙirƙiro na'urar da ke ba mutum damar goya kwalbar iska a baya ya yi numfashi a ƙarƙashin ruwa ba tare da igiya ta haɗa shi da sama ba. Cikin shekarun 1950 da 1960 nutso ya zama wasan talakawa masu hali a Amurka, kuma America ya zama wurin zuwansu. Yana cikin lungu inda iska ba ta cika tada igiyar ruwa ba, ruwan garai-garai, kuma kowa na samun daidai ƙarfinsa: sabon shiga ya tsaya a goshi inda hasken rana ke kaiwa, gwani ya gangara har farfela.

Jirgin yana jingine ne a kan gangaren dutse, goshi sama, baya ƙasa, ya ɗan karkata gefe. Mai nutso yana farawa daga goshi, inda injin jan anga yake har yau. In ya gangara zai iske ɗakin kwanan ma'aikata, da ɗakin girki, da matakalar da fasinja ke hawa zuwa zauren hira, da ɗakin inji inda injin nan mai hawa uku ke tsaye a mazauninsa. A wurin kaya kuma akwai abin da ya rage na motar Ford ɗin da ba ta kai ga mai ita ba.

Ba a zuwa wurin kowane lokaci. Gandun yana rufe daga farkon Nuwamba har tsakiyar Afrilu. Mai son nutso sai ya karɓi takardar izini, kuma an kafa alamomi masu yawo a kan ruwa inda ake ɗaure kwale-kwale, don kada kowa ya jefa anga ta faɗa kan jirgin.

Hatsarin da ke ciki

Sauƙin kaiwa gare shi yana ruɗin mutane. Sanyin ruwan kaɗai ya isa ya kashe hannu da ƙafa cikin ƴan mintoci, shi ya sa ake sa rigar roba ta musamman wadda ruwa ba ya ratsawa, da tufafi masu kauri a ciki. Sannan ga nauyin ruwa: duk metir 10 da mutum ya gangara, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da muke ciki a sarari. A metir 24, ya ninka fiye da sau uku, iskar kwalba ma haka take saurin ƙarewa. Iskar nitirojin, wadda ƴan lakkal suka sani da azot, tana narkewa cikin jini a ƙasa. In mutum ya taso da gaggawa sai ta yi kumfa a jijiyoyinsa, kamar an buɗe kwalbar lemo bayan an girgiza ta. Abin kan kai ga shanyewar jiki ko mutuwa, kuma asibitin da ke da na'urar maganin wannan yana nesa ƙwarai da tsibirin.

Babban hatsarin dai yana cikin ɗakuna. Laka mai laushi ta kwanta ko'ina. Mutum na shiga yana gani sarai, ƙafarsa na motsa lakar sai wurin ya yi duhu, tocila ba ta amfana komai, ga jirgi a karkace, ba a gane sama da ƙasa. A 1970 wani matashi mai nutso ya shiga wani ƙaramin ɗakin ajiya kusa da ɗakin girki, ya rasa hanyar fita har iskarsa ta ƙare. Tun daga nan masu nutso ke kiran wurin ɗakin da aka hana shiga. Jirgin da bai ci ran mutum ko ɗaya ba ranar da ya nutse, ya ci ran mai ziyara bayan shekara 42.

Ɓarnar masu ƙauna da gyaran masu sa kai

Abin da ruwa ya adana, hannun mutane ya rage shi. A shekarun farko na nutso, kowa ya je sai ya ɗauko abin tunawa: faranti, cokali, fitila, marfin taga na tagulla, har sassan motar nan. Kowane ɗaya yana ganin abu guda ne kawai ya ɗauka. Da aka tara ɗaruruwan masu ɗaukar abu guda, sai ɗakuna suka zama wayam. Ban da ɗauka, akwai lalacewar da yawan shige da fice ke kawowa. Wannan ya dafa bango, wancan kwalbarsa ta bugi ƙofa, kusoshi kuma sun riga sun yi tsatsa. Bangayen katako suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

A farkon shekarun 1980 masu binciken kayan tarihi na hukumar gandayen ƙasa, ƙarƙashin jagorancin Daniel Lenihan, suka auna jiragen Isle Royale suka zana taswirarsu. A 1984 aka sa America cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasar. Yau ɗaukar ko da ƙusa ɗaya daga jikinsa laifi ne da doka ke hukuntawa.

Doka ta hana ɗauka, amma ba ta tada bangon da ya faɗi. Wannan aiki masu nutso ne da kansu suka ɗauke shi. A 1996 wasu daga cikinsu a jahar Minnesota suka kafa ƙungiyar sa kai mai suna Great Lakes Shipwreck Preservation Society, wato ƙungiyar adana jiragen da suka nutse a manyan tabkuna, kuma halin da America ke ciki ne ya sa suka kafa ta. Da izinin hukumar gandun, suka riƙa zuwa a lokacin zafi da kayan aikin kafinta, suna nutsewa cikin wannan ruwan sanyi, suna tada allunan da suka faɗi, suna mai da gadajen ma'aikata mazauninsu, suna ɗaure abin da ke shirin ɓallewa. Ba wanda ke biyansu. Sun san ba za su hana jirgin lalacewa har abada ba, burinsu dai na baya su ma su tarar da abin gani.

A kan tsibirin kuwa, sana'ar su da America ya yi wa hidima ta kusan ƙarewa. Bayan kafa gandun, iyalan masunta sun yi ta raguwa, ƴan gidajen katakonsu kaɗan ne suka rage a bakin ruwa. Jikokinsu na cikin masu tsayawa a kan jirgin baƙi suna leƙa goshin America, jirgin da ya riƙa kawo wa kakanninsu gari da wasiƙa.

Ƴan uwanmu mazauna Amurka da Kanada da ke son ganin wurin, jiragen baƙi suna tashi daga garin Grand Portage na jahar Minnesota a watannin zafi, tafiyar wajen kilomita 35 ce zuwa wannan ɓangare na tsibirin, kuma hanyarsu ta bi ta North Gap. Ku tafi da rigar sanyi ko da a watan Yuli ne. Wanda ya je ya gani da idonsa, muna jiran saƙonsa a gidan rediyo don mu karanta wa jama'ar gida. Mu kwana nan, sai wani jiƙon.